Ƙafar ce ta hana ta zuwa awo, ko matakalar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a matakin farko a ƙasar Katagum, ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Bincikena a kan yadda mata masu buƙata ta musamman ke samun awon ciki ne. Malamin da ke duba aikin ya dawo mini da babi na biyu, ya ce sai na faɗi mahangar da na tsaya a kai game da naƙasa, ta asibiti ce, ta al'umma ce, ko ta haƙƙi. Ni kuwa gani nake duk zancen littafin Turawa ne. Gurguwa gurguwa ce, makauniya makauniya ce. Ina amfanin wannan rabe-raben ga aikinmu a nan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, malaminki taimakonki ya yi, kuma gara da ya tare ki tun a babi na biyu kafin ki buga takardun tambayoyi ki shiga ƙauyuka. Ni ma lokacin da na fara aikin gashin ƙashi a Bauchi irin tunaninki gare ni: ƙafa ta shanye, a gasa ta, a ba da sanda, a sallami mutum. Wata mata ce ta raba ni da wannan tunanin.

Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, da hannu take tafiya, silifa a tafukanta. Tana da ciki na uku. Asibitin unguwarsu matakala uku ce a ƙofarsa, sai baranda, sai ɗakin awo da gado mai tsayi wanda ko mai ƙafa biyu sai ta taka ɗan benci. Ranar da ta fara zuwa mutum biyu suka ciccibe ta kamar buhu suka ɗora, ga mata cike a layi sun zuba ido, wata ma'aikaciya kuma ta ce, "Ke ma da wannan hali naki har da ciki?" Ba ta sake komawa ba. A gida ta haihu, Allah ya sa aka rabu lafiya. A rajista an sa ta cikin waɗanda suka zo awo sau ɗaya suka daina, in kuma aka tambayi dalili za a ce ai gurguwa ce, fitar ke mata wuya. Alhali matar nan kullum tana kai ƙuli-ƙuli kasuwa a kan kekenta, tafiyar da ta ninka ta asibitin. To, ƙafar ce ta hana ta awo, ko matakalar da gadon da bakin ma'aikaciyar? Duk amsar da kika bayar ita ce mahangarki, ko kin rubuta ta a babi na biyu ko ba ki rubuta ba, kuma ita za ta zaɓa miki tambayoyin da za ki yi da waɗanda ba za su ma faɗo miki a rai ba.

Littattafanki za su fara da mahangar asibiti. Ni zan fara da wadda muka sha a nono, domin ita ce har gobe ke zaune a zuciyar ma'aikatanmu da masu rubuta kasafi, wato mahangar tausayi da sadaka. A cikinta naƙasa ƙaddara ce, mai ita miskini ne, rabonsa abin da hannun mai hali ya miƙo. Kada ki yi saurin raina ta yadda 'yan boko kan yi. A ƙarƙashinta aka samu Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a garuruwanmu, masu rawani daga fada, masu jama'a, masu sasanta rigima da ɗaura aure da saukar da baƙo. Makaho a ƙasar Hausa yana aure, yana tara iyali, yana da unguwa da shugaba, a zamanin da takwarorinsa da yawa a Turai ke killace a gidajen kulawa. Bahaushe ma cewa ya yi kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. Illarta ita ce tana yanke wa yaro sana'a tun yana goye, sana'ar kuwa bara ce. In ta hau kujerar gwamnati sai ta koma rabon shinkafa da azumi da jera kekuna a gaban 'yan jarida. Ba ta taɓa tambayar dalilin matakala a ƙofar ɗakin awo, don tun farko ba ta ɗauka gurguwa na da abin yi a can ba.

Wani zai ce ai addini ne ya koyar da haka. A dai duba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha barin sa a kan al'amuran Madina in ya fita. Wanda ba ya iya tsayuwa ya yi salla a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kwance. Ba a cire shi daga salla ba, siffarta aka sassauta ta dace da jikinsa. Abin da masu dokokin zamani ke nema ke nan in suka ce a gyara wuri ko tsarin aiki ya karɓi mai lalura, kuma in za ki yi wa masu unguwanni da limamai bayani, ta wannan ƙofar ya fi sauƙin shiga.

Akwai kuma zancen iskoki da ke maƙale a gindin wannan mahangar. Sunan shan inna kansa bayani ne: Inna ce ake cewa ta shanye ƙafar yaro. Uwar da ta yarda da haka ɗigon rigakafi ba ya cikin lissafinta, wurin mai magani za ta nufa. Haka farfaɗiya, da har yanzu wasu ke gudun yawun mai ita.

Ita mahangar asibiti cewa take matsalar a jikin mutum take, likita ne masani, aikin kuma shi ne a hana, a warkar, ko a gyara. Rabe-raben da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1980 kusan a kan wannan layin yake: cuta ta haifi lahani, lahani ya haifi kasawa, kasawa ta bar mutum a baya. Yanzu zaginta ya zama yayi a tarurruka. Ni ba na cikin masu zagin, don na ga abin da ta yi mana. Rabon Najeriya da ƙwayar shan inna ta asali tun 2016 a Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ita. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, mu a Arewa maso Gabas muka fi kowa da kashi 6.1, kuma kashi 84 cikin 100 na makantar irin wadda ake iya hanawa ne ko warkarwa, yanar ido ce kan gaba. Ke nan dattijon da ke bin ɗan jagora a kasuwar Muda Lawal, mai yiwuwa aikin da bai kai awa ɗaya ba ya mayar masa da ganinsa, yaron kuma ya koma makaranta. Sanƙarau na 1996 ya kama mutum sama da 100,000, ya kashe sama da 11,000, ya bar wasu da kurumta har yau. Wadda aka yi wa ɗinkin yoyon fitsari a cibiyar ƙasa da ke Ningi ta koma cikin mutane, ba za ki gaya mata wuƙar likita zalunci ce ba.

Inda take tsayawa shi ne ƙofar fita daga asibiti. Kuturta ce ta fi nuna wannan. Maganin haɗin nan na wata 6 ko wata 12 yana kashe ƙwayar, kyauta ake ba da shi, kuma tun 1998 Najeriya ta kai matakin da ake cewa an shawo kanta, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000. A rajista an rubuta ya warke. Amma ki zauna da tsofaffin da suka yi jinya a asibitin kutare na Bayara, a Bauchi, ki ji. Hannu ba ya jin zafin wuta, tafin ƙafa ya yi gyambo, mai shayi ya ware masa kofi, an fasa auren 'yarsa. Alƙalamin likita ya rufe fayil, rayuwar mutumin kuwa a nan wahalarta ta fara. Haka shan inna: an kashe dukiya mai yawa a kan ɗigo, kuma ya cancanta, amma wanda ƙwayar ta riga ta taɓa sau da yawa da kuɗin aljihunsa yake neman ƙarfen ƙafa da takalmi.

Mahangar al'umma daga bakin masu lalurar kansu ta fito. A Ingila, wata ƙungiyar masu lahanin jiki da ke yaƙi da killace su a gidajen kulawa ta fitar da matsayarta a 1976, Mike Oliver kuma, malamin jami'a mai amfani da keken guragu, ya raɗa wa ra'ayin suna a 1983. Suka raba abu biyu da mu kan haɗa a kalma ɗaya. Lahani shi ne abin da ya samu jiki. Naƙasa kuwa abin da jama'a suka ɗora a kai ne ta hanyar gini da doka da ɗabi'a. Kina ganin misalinta kullum. Kurma a kasuwa yana ciniki, yana taya, yana barkwanci da mahauta da 'yan tebur, domin Hausawa da yawa sun iya maganar hannu gwargwado. Shi ɗin dai in ya shiga ɗakin likita, aka kira suna da baki daga bayan labule, aka yi bayanin magani fuska a rufe da takunkumi, sai ya zama naƙasasshe. Kunnen bai canza ba tsakanin kasuwa da asibiti.

Wannan mahangar ta buɗe ido ƙwarai, kuma ga bincikenki ita ce za ta sa ki kalli matakala. Sai dai ina roƙonki kada ki kwaso ta ɗungurungum. Waɗanda suka kafa ta suna da asibitin gwamnati kyauta tun 1948, sun ga likitoci har sun gaji, shi ya sa suka ce a ƙyale jikinsu a gyara gari. Namu da yawa ko sau ɗaya ba a taɓa duba su ba. Yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa a makon haihuwa, mai sikila da ciwo ke murƙushewa tsakar dare, mai farfaɗiyar da ta faɗa murhu don maganin ya yanke, ko an baje duk matakalun Bauchi suna buƙatar magani. Ko a Ingilar, Tom Shakespeare, wanda shi ma mai lalura ne, ya yi wannan sukar, cewa ciwo da gajiya da taƙaitar jiki gaskiya ne, ba duka jama'a suka ƙirƙira ba. A ƙasar da talauci ke haifar da lahani, lahani kuma ke haifar da talauci, wanda ya ce a zaɓi ɗaya tsakanin rigakafi da gyaran gari bai zauna a karkara ba.

Don haɗa biyun ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin ICF a 2001. Tsarin yana duba aikin gaɓoɓi, da abin da mutum ke iya yi, da yadda yake shiga harkokin jama'a, sannan ya auna muhalli da halin mutumin kansa, ko suna taimaka masa ko suna tare shi. Ɗauki mutum biyu da maciji ya sara, aka ɗaure ƙafar tamau, aka yi jinkirin kai su asibitin Kaltungo, har aka yanke ƙasa da gwiwa. Ɗaya malamin makaranta ne a cikin Gombe, ya samu ƙafar roba, bayan 'yan watanni yana gaban allo. Ɗayan manomi ne a duwatsun Tula, gonarsa a kan tudu, babu ƙafar roba, babu kuɗin mota. Likita zai rubuta musu abu ɗaya a kati. ICF zai nuna miki ɗaya ya koma aiki, ɗayan gidansa ya rasa mai noma. Tsarin yana da lambobi fiye da 1,400, ba wanda zai cika su a asibitin ƙauye, tunanin da ke cikinsa za ki ɗauka.

Mahangar haƙƙi kuma ta mayar da abin da ake roƙo ya zama abin da ake bi bashi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin masu buƙata ta musamman a Disamba 2006, Najeriya ta sa hannu a 2007, ta tabbatar a 2010. Sashe na 25 a kan lafiya yake, har da lafiyar haihuwa, na 31 a kan tattara alƙaluma. A gida, Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ta 2018 a Janairun 2019. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma, ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ki leƙa ƙofar asibitinki ki ga ko ya ji labari.

Yanzu ga inda abin zai taɓa aikinki kai tsaye, wato ƙidaya. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ce masu naƙasa a Najeriya kusan kashi 2.3 ne cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka ce kashi 15 a duniya a rahoton 2011, a 2022 hukumar ta ce kashi 16, mutum biliyan 1.3. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya samu kashi 7 na 'yan shekara 5 zuwa sama da ke da wata matsala ko yaya take, kashi 1 kuma mai tsanani. Tazarar nan yawancinta daga tambayar ta fito da inda aka ja layi. Ki yi sallama a zaure ki ce wa maigida, "Akwai naƙasasshe a gidan nan?" Zai ce Allah ya kiyaye, babu. Gyatumarsa da yana ta rufe wa ido tsufa ne. Ƙaninsa da ba ya ji sosai haka Allah ya yi shi. 'Yarsa mai faɗuwa kuwa ba zai ambata ba ko da wasa, akwai manema. A kunnensa naƙasasshe shi ne mai bara a ƙofar masallacin Juma'a.

Saboda haka ne Rukunin Washinton, wanda aka kafa a 2001 ƙarƙashin hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tsara tambayoyi 6 da babu kalmar naƙasa a cikinsu. Ana tambayar gani ko da tabarau, ji ko da na'ura, tafiya ko hawa matakala, tuna abu ko tattara hankali, wanka da sa tufafi, da fahimtar magana ko a fahimci mutum. Amsa huɗu ce: babu wuya, da ɗan wuya, da wuya sosai, ba na iyawa sam. Yawanci wanda ya ce sosai ko sam a ɗaya daga ciki shi ake lissafawa. Da su aka yi binciken 2018, kuma su nake ba ki shawara, don alƙalumanki su yi magana da na sauran.

Amma fassarar ce ramin. In kika ce "kina shan wahalar tafiya?" kowace mace a ƙauye za ta ce e, don wahala a Hausa ta haɗa da rashin hanya da tsadar acaɓa da nauyin ciki. In kika ce "kina ji?" Bafulatana za ta ɗauka Hausa kike tambaya ko tana ji. Dattijuwa kuma duk abin da kika tambaya "Alhamdu lillahi" za ta ce, don faɗin ciwo a wurinta kamar kai ƙarar Ubangiji ne. Gidaje da yawa ma babu matakala. Ki gwada tambayoyin a kan mata goma ko ashirin tukuna, bayan kowace amsa ki ce "me kika fahimta da tambayar?", ki gyara lafazi ba tare da kin sauya ma'ana ba. Kuma matar da kanta za ta amsa, kada maigida ya amsa mata daga zaure. Ki sani tambayoyin nan shida suna tsallake wasu: mai farfaɗiya da ke lafiya tsakanin faɗuwa da faɗuwa, mai taɓin hankali, zabiya, mai yoyon fitsari. In kina son su, ki ƙara tambayoyinsu daban a bayan shidan.

Inda za ki samo matan ma mahanga ce. In kika zauna a asibiti kina jiran masu zuwa, waɗanda suka ci nasarar hawa matakala kawai za ki ƙirga, sai ki rubuta cewa komai lafiya. In kika bi ta hannun Sarkin Guragu ko reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta JONAPWD, kuma lallai ki bi, girmamawa ce kuma ƙofa ce, za ki samu masu fita da masu baki. Wadda aka ajiye a ɗakin baya shekara goma ba ta cikin kowace ƙungiya, sai gida-gida, ko ta bakin ungozoma da matan unguwa. Sannan ki duba sharuɗɗan da kika rubuta na waɗanda ba za a sa a binciken ba. Ɗalibai da yawa kan kwafi jimlar nan ta "waɗanda ba sa iya amsa tambaya", da ita kuma sun kori kurame gaba ɗaya daga binciken da aka ce nasu ne. Ki sa kuɗin tafinta a kasafinki, mace, kuma ki lura yaren hannun da ake koyarwa a makarantun kurame tushensa na Amurka ne, wadda ba ta yi makaranta ba maganar hannu ta gida ta iya. Kada ki bar miji ko ɗanta ya fassara zancen jinin al'ada da ɓari. Makauniya kuma a karanta mata takardar amincewa duka kafin a kama yatsanta a dangwala.

Akwai wani ma'auni da za ki ci karo da shi, DALY, wanda ya shahara daga rahoton Bankin Duniya na 1993. Yana haɗa shekarun da mutuwa ta yanke da waɗanda aka yi cikin lalura, kowace lalura da nauyinta tsakanin 0 da 1. Yana da amfani, da irinsa ake nuna wa masu kuɗi cewa saran maciji ba ƙaramin abu ba ne. Amma masu lalura sun daɗe suna ƙorafin cewa yana lissafa shekararsu kamar guntuwar shekara. Nauyin kansa ma ra'ayin mutane ne: a bitar ma'aunin ta 2010 nauyin makanta ya faɗo daga kusan 0.6 zuwa ƙasa da 0.2, domin an tambayi jama'a wa ya fi lafiya, da yawa kuma ba su ɗauki makaho marar lafiya ba. Likitocin ido suka yi ca. Abin lura gare ki shi ne gangaren shiga da tafinta ba sa rage lahanin kowa, don haka in da wannan ma'aunin kaɗai ake rabon kuɗi ba za su taɓa zuwa saman layi ba.

A ɓangaren manufa, hanya mafi sauri ta gane mahangar gwamnati ita ce ki duba ma'aikatar da aka jingina wa zancen. Galibi ta jin ƙai ce ko ta mata da walwala, ma'aikatar lafiya kuma ta ɗauka ba nata ba ne in an wuce rigakafi da tiyata. Alhali babbar buƙatar mai lalura ita ce ta kowa: zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, tarin fuka, awo, haihuwa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce wasunsu kan riga sauran jama'a mutuwa da shekara har 20, kuma ba lalurar kaɗai ke jawo hakan ba. A rajistocin awo da na yi aiki da su akwai gurbin shekaru da na hawan jini da na allurar tetanus, babu na lalura, don haka matan da kike nema ba sa fitowa a rahoton wata, abin da bai fito a rahoto ba kuwa ba ya shiga kasafi. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta yi tanadin asusu don marasa galihu. Katin kyauta abu ne mai kyau, sai dai makauniya kuɗin motar mutum biyu take biya, mai keke kuma sai ta ɗauki shatar Keke Napep. Ki tambayi wannan kuɗin a takardarki.

Ko keken da ake rabawa yana da magana. Irin na asibiti mai ƙananan tayoyin gaba yashi ke riƙe shi, in kuma ba a auna mutum ba, babu matashi mai kyau, gyambo yake jawowa, gyambon zama kuwa yana kisa, musamman ga mai raunin laka. Mai taya uku na tuƙin hannu da masu walda ke haɗawa ya fi dacewa da hanyoyinmu, amma shi kuma ba ya shiga ɗakin awo. Da an tambayi masu hawa kafin a ba da kwangila, da sun faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka saƙon rigakafi: ana iya kiran iyaye su kawo yara ba tare da an mayar da mai rarrafe abin tsoratarwa a allon talla ba, kuma waɗanda shan inna ya taɓa da suka shiga gangamin da kansu a kan kekunansu sun fi kowane allo shiga zuciyar iyaye.

Abin da zan ce ki rubuta a babin shi ne kin ɗauki ICF wajen aunawa, da tambayoyin Washinton, kin kuma ɗauki mahangar haƙƙi wajen fassara sakamako, wato duk giɓin da kika gani tsakanin mai lalura da marar lalura za ki auna shi da abin da doka ta ce a yi. Wannan na nufin dole ki tambayi matan da ba su da lalura su ma, in ba haka ba ba za ki iya raba abin da naƙasa ta jawo da abin da talaucin kowa ya jawo ba. Ki ba mahangar sadaka sakin layinta, da sarakunanta da zancen iskokinta, don ita za ki tarar a bakin surukai da ma'aikata. Zancen suna kuma ki tambaye su. A takarda "masu buƙata ta musamman" ake rubutawa, makafi da yawa kuwa makafi suke kiran kansu ba tare da jin komai ba, kurame da yawa ba sa son a ce musu bebaye, "musaki" kuma ki bar shi gaba ɗaya.

Sannan duk asibitin da za ki je ki tafi da tef irin na tela. Ki auna faɗin ƙofar ɗakin awo da ta bayi, kusan santimita 90 ake so. Ki auna tsayin gado. In akwai gangare ki auna shi ma, ƙa'idar ita ce kowane santimita 1 na tsayi a ba shi 12 na tsawo, ke nan matakala uku masu santimita 15 kowace na buƙatar gangaren da ya kusa mita biyar da rabi. Za ki ga da yawa an zuba siminti ne kawai a kan matakalar, wanda ko mai tura baro ba zai hau ba. In da hali ki tafi da ɗaya daga cikin matan ta gwada shiga da kanta, ki biya ta ladan ranarta kamar kowane mataimakin bincike. Idan kin gama juya tambayoyin zuwa Hausa ki turo in duba kafin ki kai wurin bugawa. A gaida malamin naki.